Mai Ɗanɗana wa Yaya Gishiri

Duk layin, Tela ake ce masa, in ban da yayarsa, wadda har yau Auta take kiransa, ga shi kuwa furfura ta fara leƙowa a gemunsa, da 'ya'yansa uku. In ta ƙwala kira daga ɗakin girki, "Auta!", baƙin da suka zo cin abinci sukan waiga suna neman wani ɗan yaro, sai su ga ƙato ya cika ƙofa yana share gumi da gefen riga. Jiki dai Allah ya ba shi, shi kuma bai yi masa rowa ba. Kujerar da yake zama a kai gaban keken ɗinki, kafinta ya gaji da ƙara mata ƙusa. Shi da bakinsa yakan ce da a wurin wani telan yake kai ɗinki, da tuni an roƙe shi ya canza shago.

Bango ɗaya ne ya raba shagonsa da gidan abincin Yaya, har da wata 'yar ƙofa da suka huda tun shekarun baya don kada a riƙa zagayawa ta titi. Ta nan ƙamshin albasa yake shigo masa da safe, ta nan kuma kwanonsa yake shigowa da rana. Yaya ce ta rene shi. Mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe, ita kuwa lokacin 'yar budurwa ce da ba ta gama iya hura wuta ba, da shi a bayanta ta koyi girki. Tun daga nan abu ɗaya ya zauna a tsakaninsu: duk abin da hannunta ya miƙo masa, ba ya mayarwa.

Sai ciwo ya zo. Ƙodojin Yaya suka gaza, aka fara kai ta asibiti wankin ƙoda, ta tafi da ƙafarta, ta dawo ana riƙe da ita. In an tambaye ta jiki sai ta ce da sauƙi, ta haɗa da faɗan me ya sa ake zuba mata ido haka. Kowa tana iya rufe shi ban da Tela, domin shi take kawo wa rigunanta ya rage. Yakan shimfiɗa rigar a kan tebur, ya ja alli a gefen ɗinkin da ya yi wancan karon, ya ga sabon layin ya ƙara shigewa ciki. Bai taɓa ce mata komai ba. Sai dai ya tsaga hannun hagu na kowace riga ya jera maɓallai, yadda ma'aikatan jinya za su kai ga jijiyarta ba sai ta tuɓe ba.

Da aka zo maganar dashen ƙoda, ɗiyarta tilo aka fara gwadawa, jininsu bai zo ɗaya ba. Aka gwada Tela, ya dace. Ya shiga ofishin likita yana washe baki, a zatonsa ranar tiyata kawai za a sa. Likitar wata 'yar gajeriyar mata ce da ba ta iya kwana-kwana ba. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Malam, jininku ya dace," ta ce, "amma da wannan jikin ba zan sa maka wuƙa ba. Sai ka rage, kuma ba kaɗan ba. Ga wata maganar kuma: sukarinka yana bakin ƙofa. In ya shigo, babu sauran zancen ba da ƙoda, kai ma taka za mu fara lallaɓawa."

"To in daina cin abinci ke nan, likita?"

"Wa ya ce ka daina? Masu dainawa ai su suke dawo mini sun ninka. Ka rage kaɗan-kaɗan, abin da za ka iya riƙewa kullum, ka kuma riƙa taka ƙasa da ƙafarka. Amma ka sani, jikin yayarka baya yake ja. Ba za ta iya jiran ka har illa masha Allahu ba."

Da ya fito sai ya gaya wa Yaya rabin maganar, wato batun rage jiki. Na sukari kuwa ya haɗiye shi, don a ganinsa kayan da ke kanta sun ishe ta. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Allah ya zaɓa mafi alheri."

Matarsa ce ta kama abin hannu bibbiyu. Ba ta ware masa wata tukunya ba, abin da yara suka ci shi zai ci, sai dai ta ɓoye babban farantinsa, wanda yaran suke kira tire, ta kawo masa irin nasu. Ganye da wake suka cinye rabin farantin, shinkafa ta koma gefe ta raɓe. Kifin da ake soyawa aka koma gasa shi. Shayin safe kuwa, wanda da sai ka rantse cokali zai iya tsayuwa a ciki don sukari, ta riƙa zare masa kaɗan-kaɗan ba ta faɗa ba, har ranar da wani ya ba shi irin na da a shago ya kurɓa ya ji ya gundure shi. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne lemon kwalba mai sanyi da yake korar zafin rana da shi. Ya daɗe yana wuce firjin mai kanti yana kau da kai kamar ya hango tsohuwar budurwa.

Ya ajiye babur, ya fara zuwa shago a ƙafa. Wayyo, ranar farko! Bai kai rabin hanya ba cinyoyinsa suka fara gugar juna suna raɗaɗi, numfashi ya ƙi isa. Ya jingina da sandar lantarki, ya fito da waya yana dannawa, wai don kada a gane hutawa yake. Mai askin da shagonsa ke kallon nasa, mutumin da bakinsa ba ya hutu sai in barci ya ɗauke shi, ya hango shi tafe ya ɗaga murya:

"Tela, an sace babur ɗin ne, ko shi ma ya ce ya gaji?"

Ko numfashin ramawa bai samu ba. Amma washegari ya sake fitowa, haka ma washegarinta. A hankali sandar da yake hutawa ta koma ta gaba, daga nan ta gaba da ita, har ya zo yana wuce su duka. Ya fara sanin hanyar da ya yi shekaru yana ratsawa a guje: gidan da ake shanya barguna a kan katanga, tsohon da yake ajiye wa tsuntsaye ruwa a murfin bokiti, wurin da kwata take fashewa in an yi ruwan sama. In ya rufe shago da yamma, sai ya bi doguwar hanya ta bayan makaranta. Ranar da wandonsa ya fara zamewa, bayan labule ya shiga ya cire shi, ya ja masa alli da hannunsa, yana dariya shi kaɗai.

Sai kuma abu ya tsaya cak. Allurar sikelin da ke shagon mai magani ta kafe a wuri ɗaya, mako ya bi mako. Ya cire takalmi ya hau, ya fitar da almakashi da makullai daga aljihu ya sake hawa, ko girgiza ba ta yi ba. Wani makon ma sai ta ɗan matsa gaba. Ran nan matarsa ta tsare shi yana wanke hannu.

"Baban yara, abin da kake ci a gidan nan ko kyanwa ba zai ƙosar ba. To ta ina yake shiga?"

"Wallahi ba na sayen komai a hanya."

"Ban ce ka saya ba. Me kake ci a wurin Yaya?"

"Haba, ai wannan ba ci ba ne, ɗanɗano ne."

To ga yadda ɗanɗanon yake. Ba a daɗe da dawowarsu daga wurin likita ba, Yaya ta ce masa tun da aka hana ta gishiri harshenta ya mutu, ba ta ƙara yarda da shi, don haka shi ne zai riƙa ɗanɗana mata tukwane. Abin ya taɓa shi ƙwarai, matar da ko ɗiyarta ba ta bari ta leƙa mata tukunya. Sai dai ɗanɗanon Yaya ba a bakin cokali yake ba. Miya, in ji ta, ba a gane ta ita kaɗai, sai an zuba a kan shinkafa. Nama kuma ai sai an ji ko ya nuna, tsoka ɗaya kuwa ba ta isa shaida ba. Tukwanen ba ɗaya ba, ba biyu ba, ga girkin safe ga na rana. Za ta tsaya a kansa da ludayi, idanunta sun faɗa, tana cewa, "Cinye mana, wa kake bar wa saura?" Shi kuwa ya cinye.

Ya san matarsa ta yi gaskiya, amma ya rasa ta inda zai ɓullo. Ya dubi mara lafiya ya ce ba zai yi mata abu ɗaya tak da ta roƙe shi ba? Sai ya ƙara tsawon tafiya, ya rage na dare har yana kwana da yunwa, duk a banza. Ranar komawa wurin likita tana matsowa, a cikin makon kuma Yaya ta sake aiko riguna a rage mata.

Mura ce ta tona asirin. Ta kama shi sosai, hanci ya toshe, baki ba ya bambance zuma da ruwa. Yaya ta kira, ya je, ta miƙo kwano. Ya ci bai ji komai ba, kunya ta hana shi faɗa, sai ya ce, "A ɗan ƙara gishiri." Ta ce, "To." Neman hankici a aljihu ne ya tsayar da shi bai fita nan take ba, sai ya ga ta mayar da murfi ta sauke tukunyar, ko kallon robar gishiri ba ta yi ba. Da rana kuma yana jiyo masu cin abinci ta bango suna ta santi.

Washegari ya ce gishiri ya yi yawa. Ta ce, "To," ba ta ƙara ko ɗigon ruwa ba. Da gari ya sake wayewa bai jira kira ba, ya tsaya a bakin 'yar ƙofar tun tana haɗa miya. Ya ga ta zuba gishiri a tafin hannu, ta ɗan girgiza, ta mayar da kaɗan, ta watsa sauran. Da miyar ta tafasa ta sunkuya ta shaƙi tururin, ta gyaɗa kai. Haka ya san tana yi tun yana riƙe da gefen rigarta. Ashe bai taɓa ganin ta kai cokali baki ba, bai dai lura ba ne. Ta ɗauko kwano ta cika, ta juyo za ta ƙwala kira, suka haɗa ido.

Saboda akwai mutane, sai ya juya. Ya koma ya zauna gaban keke, ya kasa zura zare a allura. Ransa ya ɓaci, irin ɓacin da bai taɓa yi da ita ba, ga kuma tausayinta ya cika masa ciki, ya rasa wanda zai bi. Sai da la'asar, an watse, masu wanke-wanke sun fita da kwanuka, ya same ta a kan benci ta ɗora kumburarrun ƙafafunta a kan bokiti.

"Yaya, ba kya buƙatar mai ɗanɗano."

"In ji wa?"

"Na ce a ƙara, ba ki ƙara ba. Na ce ya yi yawa, ba ki gyara ba. Ni fa mura nake, ko barkono kika ba ni ba zan ji ba."

Ta kalli ƙafafunta. Can ta ce, "To, ka gane. Sai me?"

"Sai me? Ina tafe a rana kamar jaki, ina kwana da yunwa, ke kuma kina mayar mini da shi da ludayi?"

"Eh, ina mayarwa! Gobe ma in ka zo sai na mayar." Muryarta ta tashi, ta kuma karye a tsakiya. "Ka taɓa tambayata ko ina so? Kun je kun gama magana da likitarku, ka zo kana gaya mini wai albishir. Ni na wanke ka, Auta. Ranar da ka faɗi ka fasa goshi, kai ka yi shiru ni ban daina kuka ba. Yanzu kuma in kwanta a tsaga ka, a ciro abu a sa mini? In wani abu ya same ka, in dubi yaran nan in ce musu me? Ni na ci zamanina. Ka bar ni da injin wankina, ka tafi da jikinka cikakke."

"Me ya hana ki faɗa mini haka tun farko?"

"In na faɗa za ka ji? Kai da kunnen ƙashi. Cewa na yi bari likita ta hana ka da kanta, babu ruwana."

Tela ya jawo kujera ya zauna a gabanta. Sai a lokacin ya ga cewa abin da ya ɓoye don ya sauƙaƙa mata, shi ne ya buɗe mata wannan hanyar.

"Akwai abin da ban gaya miki ba," ya ce. "Likita ta ce sukarina yana bakin ƙofa. In na ci gaba a haka, ba cikakken jiki za ki bar wa yaran ba. Kujerar da ke kusa da taki a ɗakin wankin nan, ita kike gyara mini. Kuma kin san ni, in kika miƙo zan karɓa. Ban iya mayar da hannunki ba, ba kuma yau zan koya ba. Sai dai ke ki daina miƙowa."

Ta ɗago ta zuba masa irin kallon da take masa yana yaro in tana neman ƙarya a fuskarsa. Ba ta samu ba. Ta kai hannu ta rufe baki. Ya san abin da take tunawa, kwanukan nan ne da ta riƙa tsayawa a kansa sai ya suɗe. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Amma kai mugun yaro ne," ta ce. "Ka bar ni ina ɗura maka ciwo da hannuna."

"Ke ma ai ba ki gaya mini naki ba."

Suna jiyo ƙarar kwanuka daga waje. Daga baya ta ja hanci ta ce, "Ka rage. Don kanka da yaranka. Maganar ƙoda kuwa, ban ce na yarda ba."

"Ban tambaye ki ba tukuna. In lokaci ya yi zan tambaya, yadda ya kamata in yi tun farko."

Daga ranar ba a sake kiran sa ɗanɗano ba. Kwanon rana ya koma ɗan ƙarami, ganye a sama tuli, kuma sai Yaya ta zo ta fi matarsa tsanani. In ta hango wani ya nufo shagon da lemo a hannu, daga ɗakin girki take koro shi da faɗa. Allurar sikeli ta fara ja da baya, ba kowane mako ba, wani lokacin ta yi zamanta har ya fara cire rai, sannan ta motsa. Likita ta duba shi ta ce da saura, ya ci gaba. Mai aski ma ya daina tsiya, ya fara bin sa da yamma, wai dama can hanyarsa ce.

Maganar ƙoda dai bai sake tayar da ita ba, ya riƙe alkawari. A tebur ɗaya yake rage wandunansa da rigunanta, nasa ragin bai ƙara ba shi dariya ba. In yana tafe ta bayan makaranta yakan yi tunanin cewa duk wannan wahalar tana iya ƙarewa a kan "a'a" ɗaya daga bakinta, kuma dole ya karɓa. Da can gani yake tun da ƙodar tasa ce, shi ke da ta cewa. Yanzu ya gane jikin da za a sa wa ma yana da mai shi. Tsoro yake ji sosai, tsoron kada ya gama shiri ya tarar babu wadda zai ba. Duk da haka kullum sai ya ɗaura takalmi ya fito.

Ranar da suka koma tare da Yaya, likita ta daɗe tana duba sakamakon gwaji. Ta ce sukari ya koma inda ya kamata, nauyi ya sauka yadda take so, in an shirya za a iya sa rana. Ta juya wajen Yaya za ta yi magana, Tela ya ce, "Likita, ɗan dakata."

Ya tashi ya zo gaban yayarsa ya durƙusa, abin da a da sai an kama shi kafin ya miƙe.

"Yaya, yau na zo tambaya. Ina roƙon ki. Za ki karɓa?"

Ba ta dube shi ba. Likitar ta kalla.

"In ya farka, zai ji ciwo?"

"Zai ji, na wasu kwanaki. Muna da magani."

"Zai koma kan kekensa? Zai iya ɗaukar ɗansa?"

"In komai ya tafi daidai, zai iya. Ba zan ce miki babu haɗari ba, akwai, amma kaɗan ne. Da ban yarda da jikinsa ba, da ban kawo maganar ba."

Yaya ta riƙa murza yatsunta. Ta daɗe a haka har Tela ya sunkuyar da kai ya fara shirya yadda zai ce mata babu komai.

"To ki sa a ajiye gadona inda zan riƙa ganin fuskarsa," ta ce. "Wannan da kike gani, in yana jin ciwo ba ya faɗa, ce miki zai yi da sauƙi. Ni kaɗai nake ganewa."

Tela ya kifa goshinsa a kan gwiwarta, ya fashe da kuka a gaban likita. Yaya ta dafa kansa.

"Tashi mana, kana ba ni kunya," ta ce. Amma ba ta ɗauke hannun ba.